Me ya sa guguwa mai ƙarfi ɗaya take hallaka dubbai a wani wuri, a wani wurin kuma asarar rayuka ta zo da sauƙi?

Malama Hadiza ta rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina da tambayar da ta daɗe tana damuna, kuma ina fata waɗanda Allah ya ba sani a wannan fanni za su yi mini ƙarin haske. A duk lokacin da aka yi ambaliya ko mahaukaciyar guguwa ko tsananin zafi, abin da ake fara sanar da jama'a shi ne ƙarfin abin: iska ta yi gudun kilomita kaza a awa guda, an zuba ruwa milimita kaza a dare ɗaya, zafi ya kai maki kaza. Daga nan sai mai sauraro ya ɗauka cewa yawan rayukan da aka rasa yana tafiya daidai da wannan ƙarfin. Amma da na tsaya na kwatanta wasu bala'o'i biyu, sai na ga lissafin bai tafi haka ba.

A watan Nuwamba na 2007 guguwar Sidr ta faɗa wa gaɓar tekun Bangaladash, kuma alƙaluman hukuma sun nuna cewa mutum kusan 3,400 ne suka rasu. Ba a cika wata shida ba, a farkon Mayu na 2008, guguwar Nargis ta taso daga wannan tekun dai, wato Tekun Bengal, ta afka wa yankin bakin kogin Irrawaddy a Miyanma, inda aka rasa mutum kimanin 138,000 tsakanin waɗanda aka tabbatar da mutuwarsu da waɗanda suka ɓace. Sidr ba ta gaza Nargis ƙarfin iska ba, ƙasashen biyu maƙwabta ne, dukansu ba masu arziki ba ne, kuma yankunan da abin ya shafa duka shimfiɗaɗɗun filaye ne da ke dab da ruwa, cike da manoma da masunta. To mene ne ya kawo wannan tazara mai girma haka?

Kashi na biyu na tambayata ya shafi abin da ke biyowa baya. Manema labarai sukan tattara kayansu da zarar ruwa ya janye, amma mutanen wurin suna nan. Wane hali al'umma take shiga a watanni da shekarun da ke bin irin wannan bala'i, kuma wane ne ya fi shan wahalarsa? Na gode.

Malam Lawal ya amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, misalin da kika zaɓa ya yi daidai, domin amsar tambayarki ta farko tana cikin tarihin Bangaladash kanta. Ƙasar ba ta kai ga alƙaluman 2007 ba sai da ta binne jama'a masu ɗimbin yawa. A watan Nuwamba na 1970, lokacin tana Gabashin Fakistan, guguwar Bhola ta hallaka aƙalla mutum 300,000, kuma har yau ita ce guguwar teku mafi kisa da aka rubuta a tarihi. A watan Afrilu na 1991 wata ta sake faɗa wa yankin Chittagong, ta ɗauke kimanin mutum 138,000. Sai 2007 adadin ya sauko zuwa dubbai kaɗan, sannan a watan Mayu na 2020, da guguwar Amphan ta zo a tsakiyar annobar korona, an kwashe fiye da mutum miliyan 2 zuwa mafaka, waɗanda suka rasu a ƙasar kuwa ba su kai 30 ba. Haɗarin tekun bai ragu ba a cikin waɗannan shekaru 50, kuma jama'ar gaɓar ƙaruwa suka yi.

Kafin in faɗi abin da suka yi, ya kamata a fahimci abin da ke kisa a irin wannan guguwa. Iska tana ɗauke rufi ta karya bishiyoyi, amma mafi yawan mamata ruwa ne ke cin su. Guguwar tana samun ƙarfinta daga tekun da ɗuminsa ya kai maki 26 zuwa 27 a ma'aunin Salshiyos, kuma idan ta doshi tudu iskarta tana tura ruwan teku a gabanta ya taru ya yi toroƙo. Inda gaɓa ba ta da zurfi, kamar arewacin Tekun Bengal wanda yake tsukewa yana tattara ruwan wuri guda, wannan tumbatsa takan kai tsayin mita da dama, ta kuma shiga cikin ƙasa kilomitoci, musamman idan ta dace da lokacin cikar teku. Wanda ruwan ya tarar a fili ko a bukka ba shi da dabara. Wanda ya hau bene mai ƙarfi awanni kaɗan kafin haka, da yardar Allah yakan tsira. Saboda haka dukan aikin ya tattaru a kan abu guda: a sanar da mutum da wuri, a kuma samar masa inda zai hau.

A 1972 aka kafa shirin shirya wa guguwa a Bangaladash, wanda gwamnati da ƙungiyar agaji ta Red Crescent suke gudanarwa tare, kuma a yau yana da 'yan sa-kai dubbai goma-goma waɗanda 'yan ƙauyukan ne da kansu. Idan hukumar hasashen yanayi ta fitar da sanarwa, ba a barin ta a rediyo kawai. Waɗannan 'yan sa-kai suna ɗaga tutoci masu nuna matakin haɗari, suna zagawa a kan kekuna da ƙafa da lasifika, suna ƙwanƙwasa ƙofa gida-gida, suna ɗaukar tsofaffi da marasa lafiya. An kuma gina dubban mafaka na kankare a kan dogayen ginshiƙai, yawancinsu makarantu ne a sauran ranakun shekara, abin da ya sa ake kula da ginin kuma kowane yaro ya san hanyar zuwa wurin.

Akwai darasin da suka koya a 1991 wanda nake ganin ya fi kowanne muhimmanci. A wannan guguwar mata sun mutu fiye da maza nesa ba kusa ba. Sanarwa ta fi isa ga maza a kasuwa da bakin ruwa, mata kuwa suna cikin gida da yara, da yawansu ba sa son fita ba tare da mazajensu ba, ba su iya iyo ba, kuma mafakar ba ta da wurin da mace za ta keɓe. Daga baya aka shigar da mata cikin 'yan sa-kai har suka kai kusan rabi, aka kuma fara ware musu ɗakuna da bayi a mafaka. Mace takan buɗe wa maƙwabciyarta ƙofa ta kuma yarda da maganarta a lokacin da ba za ta saurari baƙon namiji ba.

A Miyanma a 2008 babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Masu hasashen yanayi na Indiya sun ga guguwar sun kuma sanar tun kwana biyu kafin ta iso, amma labarin bai sauka ga ƙauyukan bakin kogi ta hanyar da za ta sa mutum ya tashi ba, kuma ko ya tashi babu tudu ko ginin da zai hau. An riga an sare kurmin bishiyoyin bakin teku da yawa domin gonakin shinkafa da kiwon jatan lande, alhali wannan kurmi ne ke rage ƙarfin ruwa. Bayan haka gwamnatin soja ta lokacin ta yi makonni tana jan ƙafa wajen barin ma'aikatan agaji na waje su shiga.

Indiya ma ta bi hanyar Bangaladash. Jihar Odisha ta rasa mutum kusan 10,000 a guguwar 1999, amma da guguwar Phailin ta zo a 2013 an kwashe kusan mutum miliyan guda, kuma mamatan ba su kai 50 ba. A duniya baki ɗaya haka alƙaluman suke: rahoton Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya na shekarun 1970 zuwa 2019 ya nuna cewa yawan bala'o'in da aka rubuta ya ninka sau biyar, yayin da mace-mace suka ragu kusan kashi biyu cikin uku. Sai dai fiye da kashi 90 cikin 100 na mutum miliyan 2 da suka rasu a wannan lokaci 'yan ƙasashe masu tasowa ne, shi ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙaddamar da shiri a 2022 na ganin faɗakarwar gaggawa ta isa ga kowane ɗan Adam kafin ƙarshen 2027.

Injiniya Bashir ya amsa:

Malam Lawal, Allah ya saka da alheri, bayaninka ya gamsar. Amma ina so in ja hankali kada mai karatu ya tashi da tunanin cewa faɗakarwa ta wadatar. Guguwar teku tana ba da kwanaki, domin ana ganin ta daga tauraron ɗan Adam tana tahowa. Ambaliyar da ke saukowa daga kwari ko daga madatsar da ta fashe takan ba da mintoci ne, kuma a irin wannan hali abin da ya yanke hukunci an riga an yi shi shekaru da dama kafin a fara ruwan, wato inda aka gina gidaje da yadda aka kula da gine-ginen tare ruwa.

Birnin Darna na Libiya shi ne misalin da ba ya barin zuciyata. A daren 10 ga Satumba na 2023 guguwar Daniel ta zuba ruwa mai yawa a kan duwatsun da ke bayan birnin, madatsun ruwa biyu da aka gina a shekarun 1970 suka fashe ɗaya bayan ɗaya, ruwan ya bi kwarin da ya ratsa tsakiyar gari ya kwashi unguwanni sukutum ya zuba a teku. An tabbatar da mutuwar fiye da mutum 4,000, wasu dubbai kuma ba a gan su ba. An daɗe da sanin cewa madatsun sun tsattsage, kuma wani masani ɗan ƙasar ya wallafa gargaɗi a kansu shekara guda kafin haka, amma rikicin siyasa da rabuwar gwamnati sun sa ba a yi gyara ba. Shekara guda bayan haka, a Satumba na 2024, madatsar Alau ta ɓalle ta shafe babban ɓangare na Maiduguri. A 2005 ma abin da ya nutsar da kusan kashi 80 cikin 100 na birnin New Orleans a Amurka lokacin guguwar Katrina shi ne karyewar katangun tare ruwa waɗanda bincike ya nuna an yi kuskure a tsarinsu da gininsu. Madatsa ko katanga tana sa mutane su saki jiki su yi gini a ƙarƙashinta, saboda haka ranar da ta gaza ɓarnar takan fi wadda za a yi da ba a gina ta ba.

Jama'a kuma suna raina ruwa saboda sun saba da shi. Ruwan da ya cika akwatin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa mita ɗaya-ɗaya ne, nauyinsa tan guda ne. Ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum, santimita 30 tana iya ɗaga ƙaramar mota, santimita 60 kuwa tana tafiya da yawancin motoci. A ambaliyar Balensiya ta ƙasar Sifen a ranar 29 ga Oktoba na 2024, inda aka rasa fiye da mutum 220, da yawa sun mutu ne a cikin motocinsu ko a garejin ƙarƙashin ƙasa inda suka sauka domin su fitar da motocin. Hukumar hasashen yanayi ta ɗaga gargaɗi mafi girma tun da safe, amma saƙon gaggawa bai shiga wayoyin mutane ba sai bayan ƙarfe 8 na dare, lokacin ruwa ya riga ya shiga gidaje. A Jamus a watan Yuli na 2021 an rasa fiye da mutum 180, mafi yawansu a kwarin kogin Ahr, duk da cewa an yi hasashen ruwan kwanaki kafin ya sauka. Waɗannan ƙasashe ne masu kuɗi da na'urori, amma an samu giɓi tsakanin wanda ya ga haɗarin a kwamfuta da wanda ke da ikon cewa a tashi.

Sai batun birane. Ƙasa mai ciyawa da bishiyoyi tana shanye ruwan sama ta sake shi a hankali, kwalta da siminti kuwa ba sa shan komai, duk abin da ya zuba sai ya gangara nan take. Idan gari ya faɗaɗa aka cike fadamu da tafkuna, aka yi gini a kan hanyar ruwa, magudanai kuma suka toshe da shara, ruwan da a da ba ya tayar da hankali sai ya zama ambaliya. A kan wannan kuma sai ga ɗumamar yanayi: duk ƙarin maki ɗaya na zafi yana ba iska damar ɗaukar ƙarin danshi kimanin kashi 7 cikin 100, wanda ke nufin ruwa mai yawa cikin ɗan lokaci. Kwalbatin da aka auna da ruwan shekaru 40 da suka wuce ya yi wa ruwan yau kaɗan.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, wanda ya yi gini a bakin rafi ko a gindin tsauni mai zaftarewa galibi ya san haɗarin sarai. Filin da ke kan tudu ya fi ƙarfinsa, aikinsa kuma yana cikin gari. Rushe masa gida ba tare da an ba shi wani wuri kusa da sana'arsa ba, mayar da shi wani bakin rafin ne kawai.

Hajiya Rabi ta amsa:

Malama Hadiza, ni zan tsaya a kashi na biyu na tambayarki, domin a nan ne ake yawan yin kuskuren lissafi. Adadin da ake sanarwa a makon farko na waɗanda ruwa ya ci ne ko gini ya danne. Waɗanda suka mutu daga baya saboda asibiti ba wuta, ko maganinsu ya yanke, ko hanya ta katse mai naƙuda ba ta isa ba, ba kasafai ake saka su ba. A tsibirin Puerto Rico bayan guguwar Maria ta Satumba 2017, gwamnati ta daɗe tana cewa mutum 64 ne suka rasu. Da aka kwatanta yawan mace-macen watannin da suka biyo baya da na shekarun da aka saba, sai aka gyara adadin ya koma 2,975. Wasu yankunan sun yi kusan shekara babu lantarki, kuma mafi yawan mamatan tsofaffi ne da masu ciwon suga, ciwon zuciya da ciwon ƙoda.

Ambaliya tana haɗa ruwan masai da na rijiya, shi ya sa amai da gudawa ke bin bayanta. Bayan guguwar Idai ta Maris 2019, wadda ta hallaka fiye da mutum 1,000 a Mozambik da Zimbabuwe da Malawi, kwalara ta ɓarke a birnin Beira da kewayensa ta kama dubbai, kuma abin da ya tare ta shi ne gaggauta yi wa mutum kimanin 800,000 rigakafi tare da gyara ruwan sha. A Fakistan a 2022 ambaliya ta shafi mutum miliyan 33, ta kashe fiye da 1,700, amma ruwan ya kwanta watanni a lardin Sindh, sauro ya hayayyafa, zazzaɓin cizon sauro ya ninka sau da yawa a kan na shekarar da ta gabata. Yaran da gonakin iyayensu suka nutse sun shiga tamowa, kuma yaro mai tamowa gudawa kaɗan ke kayar da shi.

Ina kuma roƙon a riƙa saka zafi cikin wannan magana, domin ba ya rushe gida, ba ya barin hoton da za a nuna, amma yana cikin mafiya kisa. A bazarar 2003 Turai ta rasa fiye da mutum 70,000 saboda zafi, kusan 15,000 daga ciki a Faransa, yawancinsu tsofaffi da ke zaune su kaɗai a ɗakunan saman bene. Jikin mutum yana sanyaya kansa ne da gumi, kuma idan iska ta cika da danshi gumin ba ya bushewa, idan dare bai yi sanyi ba zuciya ba ta samun hutu, sai ta gaza a kwana na uku ko na huɗu. A takardar mutuwa za a rubuta ciwon zuciya ko na ƙoda, zafin kuwa ba za a ambace shi ba. A aikin Hajjin 2024 an rasa fiye da mahajjata 1,300 lokacin da zafi ya haura maki 50 a Makka, Allah ya jiƙansu da rahama. Maganin wannan ba shi da tsada idan an tsara shi. Faransa ta buɗe rajistar tsofaffi da naƙasassu a ƙananan hukumomi domin a riƙa kiransu ana duba su idan zafi ya tsananta. Birnin Ahmedabad na Indiya, bayan zafin 2010 ya ɗauke fiye da mutum 1,300, ya fito da tsari a 2013 wanda ya haɗa da sanarwa tun da wuri, samar da ruwan sha a bainar jama'a, horar da ma'aikatan asibiti da sauya lokutan aikin leburori.

Game da wanda ya fi shan wahala, a kowace ƙasa jerin kusan ɗaya ne: tsoho, jariri, mai ciki, naƙasasshe, mai ciwon da ke buƙatar magani kullum, da wanda sai ya fita yake samun na abinci. Mai hali ya rasa gida ya koma wani, talaka kuwa gidansa da awakinsa da kayan sana'arsa su ne dukan abin da ya tara a rayuwa. Daga nan sai bashi, sai sayar da abin da ya saura a wulaƙance, sai cire yara daga makaranta, wadda ita ma wataƙila ta zama sansanin 'yan gudun hijira. Matasa su tafi birni neman aiki, wasu ba sa dawowa. New Orleans tana da mutum kusan 485,000 a ƙidayar 2000, a ta 2010 kuwa, bayan guguwar Katrina, ba su kai 345,000 ba. Akwai kuma ciwon da ba a gani, na uwar da ruwa ya fizge ɗa daga hannunta, da yaran da ke firgita duk lokacin da hadari ya haɗu, kuma wannan ba kasafai ake ware masa ko sisi a kuɗin agaji ba.

Fari yana tafiya a hankali, amma shi ma yana nuna abin da Injiniya ya faɗa game da giɓi tsakanin sani da aiki. Yunwar Somaliya ta 2011 ta kashe kimanin mutum 260,000, rabinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar, alhali an yi watanni ana gargaɗi tun 2010. Lokacin da aka ayyana yunwar a hukumance a watan Yuli na 2011, da yawa sun riga sun mutu.

Malama Hadiza ta sake rubutawa:

Malam Lawal, Injiniya, Hajiya, na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Abu ɗaya ya rage mini. A kusan kowane bala'i ana jin jami'ai suna cewa sun yi gargaɗi amma mutane suka ƙi tashi, har a riƙa ɗora wa mamatan laifin taurin kai. Shin wannan zargi yana da tushe, kuma idan yana da shi, me ake yi wa wanda ya ji sanarwa da kunnensa amma ya zauna?

Malam Lawal ya sake amsawa:

Malama, ana samun masu ƙin tashi, amma idan aka zauna da su aka tambaye su dalili, da wuya a tarar taurin kai ne zalla. Na farko shi ne dukiya. Makiyayi ko manomin da shanunsa biyu su ne jarinsa ya san cewa idan ya bar su ya tsira da ransa, zai dawo ya tarar ba shi da abin da zai ciyar da iyali, kuma mafaka ba ta karɓar dabbobi. A Bangaladash sun gane haka, shi ya sa ake tara ƙasa a yi tuddai kusa da mafaka domin a ɗaure dabbobi a kai. Na biyu tsoron ɓarayi ne, wanda ake magance shi idan unguwa ta san akwai masu gadi da za su tsaya. Na uku rashin abin hawa da kuɗin tafiya. A New Orleans lokacin guguwar Katrina an ba da umarnin ficewa, amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na gidajen birnin ba su da mota, guguwar ta zo a ƙarshen wata lokacin da aljihun talaka ya bushe, kuma ba a tanadi isassun motocin kwashe su ba. A cikin fiye da mutum 1,300 da guguwar ta hallaka baki ɗaya, tsofaffi ne suka fi yawa.

Na huɗu shi ne yadda ake furta gargaɗin. Kafin guguwar Haiyan ta faɗa wa birnin Tacloban na Filifin a Nuwamba 2013, an sanar da cewa teku zai tumbatsa, amma da yaren masana aka faɗa, kuma mutane da yawa sun ce ba su gane cewa ana nufin ruwa zai haura rufin gidajensu ba. Wasu ma sun je mafakar da ke kusa da gaɓa ruwan ya same su a can. Fiye da mutum 6,000 suka rasu a ƙasar. Sanarwar da ta ce za a yi ruwa milimita 200 ba ta gaya wa kowa abin da zai yi, amma wadda ta ambaci sunan unguwa, ta ce ruwa zai kai ƙirjin babban mutum kafin asuba, ta kuma faɗi makarantar da za a je da hanyar da za a bi, tana tayar da mutane. Haka nan wanda aka taɓa tayarwa sau biyu ba abin da ya faru, a karo na uku zai yi nauyin jiki, sai fa idan hukuma ta saba dawowa ta yi bayani a fili cewa guguwar ta karkata ne, kuma ga dalilin da ya sa aka ce a tashi.

Wata hanya da aka fara gwadawa ita ce a ba mutane kuɗi kafin bala'in ya iso. A watan Yuli na 2020, da hasashe ya nuna kogin Jamuna zai cika a Bangaladash, hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya sun tura wa dubban iyalai kuɗi ta waya kwanaki kaɗan kafin ruwan ya kai ƙololuwa, suka yi hayar kwale-kwale, suka kwashe dabbobi, suka sayi abinci da magani. Wahalar wannan tsari ita ce dole a amince tun kafin damina a kan matakin ruwan da idan aka kai shi za a saki kuɗin ba tare da jiran wani taro ba, a kuma yarda cewa wata shekarar za a biya amma ruwan ba zai zo yadda aka zata ba. Injiniya zai fi ni sanin yadda ake tsayar da irin wannan mataki a kogunan da ba su da isassun ma'aunan ruwa, kuma zan so in ji bayaninsa a kai.